Abin da Awarwaro Suka Yi wa Agogona

Agogon da zan yi magana a kansa yana cikin kayan lefena, kuma a cikin guda uku da aka sako a akwati, shi kaɗai ne ya kai yau yana aiki. Seiko ne na mata, ɗan ƙarami, jikinsa da sarƙarsa duk na ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa, sai wani siririn layi mai ruwan gwal da ya ratsa tsakiyar sarƙar. Na shekara da shekaru ina ɗaura shi zuwa wurin aiki da unguwa, bai taɓa nuna tsufa ba in ban da 'yan ƙananan zane-zane a wajen maƙullin sarƙar, inda yake gugar tebur idan ina rubutu. Kwana biyar na bikin ƙanwata, a tsakiyar hunturun bara, suka yi masa abin da duk waɗannan shekarun ba su yi ba.

Laifin nawa ne. Tun daga ranar kamu har zuwa kai amarya ni ce a kan rabon abinci, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a kan tukunyar biki ta san cewa awarwaro a hannun dama fitina ne, domin ko dai su tsoma cikin miya ko su yi ta karo da bakin kula. Saboda haka na kwashe su gaba ɗaya na mayar hannun hagu, inda agogon yake. Guda shida ne: huɗu na gwal waɗanda mahaifiyata ta kawo mini tsaraba daga Makka, da biyu na kanti masu duwatsu masu ƙyalli, waɗanda na saya don kawai sun shiga da launin ankonmu. Duk sa'ad da na ɗaga hannu sai su zame su yi wajen gwiwar hannu, idan na sauke kuma su dawo da gudu su daki gefen agogon, kuma a lokacin ƙarar ma daɗi take yi mini.

Sai da aka watse, na zauna kusa da taga da safe ina mayar da kayan ado cikin ma'ajiyarsu, sannan na ga ɓarnar. Gefen agogon na wajen ƙarfe tara, wanda shi ne yake fuskantar awarwaron, ya dushe kamar gindin tsohon kwano, kuma a kan gilashin akwai ƙwarzane guda biyu, ɗaya dogo da ya taso daga wajen ƙarfe takwas ya kusa kai tsakiya. Wata maƙwabciyata ta ce in shafa makilin in goge da tsumma. Na yi, gilashin bai ko gezau ba. Daga nan ne na yi babban kuskuren, domin na ɗauko Brasso, man nan da ake goge tagulla da shi, na bi sarƙar da shi tun daga sama har ƙasa. Ƙarfen ya yi ƙyalli, ban musa ba, amma layin nan mai ruwan gwal ya koɗe a gaɓoɓi uku, ya koma fari fat kamar sauran.

Maigidana ne ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran agogo a gefen kasuwar Sabon Gari, irin masu ɗan tebur ɗin nan da akwatin gilashi a kai, cike da agogunan da masu su suka kawo gyara suka manta da su. Ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya juya agogon ta ko'ina, sannan ya ce in miƙo masa awarwaron da na sa. Na miƙa masa na gwal ɗin, domin su nake zargi, su ne masu nauyi.

Ya ce, "Hajiya, ai waɗannan ba su da laifi, su ma cutarsu aka yi. Duba nan." Ya nuna mini gefen guda ɗaya, inda adon da aka zana ya fara shafewa. "Ina sauran?"

Da na ba shi na kantin, sai ya ɗauki wani fasasshen gilashin agogo daga cikin tarkacensa, ya ja ɗaya daga cikin duwatsun a kai sau ɗaya tak, sai ga layi ya fito raɗau. Na ce, "Baba, ashe na arahan ne suka yi mini wannan aika-aikar?" Ya yi dariya, ya ce su da ƙura ne, amma sarƙar kam ni na ɓata ta da hannuna.

Abin da dattijon nan ya sani ta hanyar daɗewa a sana'a, masana ma'adinai sun daɗe da sa masa lamba. A shekarar 1812 wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: abin da ya fi tauri shi yake ƙwarzane wanda bai kai shi ba. Daimon ne a kan 10. Gilashin safaya, wanda ake sa wa agoguna masu tsada, yana kan 9, domin dangin yakutu ne da ake haɗawa a masana'anta. Gilashi na gama-gari da ƙarfen jikin agogo suna wajajen 5 zuwa 6. Gwal tsantsa da azurfa kuwa ba su wuce 2.5 zuwa 3 ba. Awarwaron mahaifiyata karat 21 ne, akwai hatimin 875 a cikinsu, ma'ana kashi 87.5 cikin ɗari gwal ne, ragowar kuma wasu ƙarafa ne da aka gauraya don ya ɗan yi ƙwari, amma duk da haka bai kama ƙafar ƙarfen agogo ba. Ke nan duk karon da suka yi kwana biyar suna yi, gwal ɗin ne yake asara. Wannan ya fi ƙona mini rai fiye da agogon, tunda a wurinmu mata gwal ajiya ce, ranar da buƙata ta taso a kan sikeli za a ɗora shi, kuma abin da ya goge ya tafi ke nan. Duwatsun ado na kanti kuma, wasu gilashi ne, wasu kuma zirkoniya ne, wani dutsen haɗi mai kama da daimon, wanda taurinsa ya kai 8 ko ya ɗan ɗara, don haka gilashin agogo irin nawa ba komai ba ne a wurinsa.

Maganar ƙura ita ce ban taɓa kawowa a raina ba, alhali a Kano muke. Mafi yawan abin da ke cikin rairayi wani ma'adini ne da ake kira kwaz, taurinsa 7, wato ya fi ƙarfen agogo, ya fi gilashi na gama-gari. Ƙurar hunturu da iska take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓurɓushinsa, haka ma ƙurar titi da mutum yake sha a cikin adaidaita sahu. Idan wannan ƙurar ta haɗu da man shafawa da gumi ta maƙale tsakanin awarwaro da agogo, to ko awarwaron na gwal ne mai laushi, ya zama hannun da yake riƙe da takardar gugar katako. Shi ya sa gefen agogona ya dushe baki ɗaya, ba layi ɗaya ko biyu ba. Kuma shi ya sa al'adar nan tamu ta kama bakin gyale ko gefen riga mu murza fuskar agogo a bushe take da illa, domin tsakuwar da ke kai ake ja a kan gilashin.

Kada maza su ɗauka wannan matsalar mata ce kawai. Da yawa suna naɗe carbi a wuyan hannu kusa da agogo, kuma idan na katako ne ko na roba babu damuwa sosai, amma na aƙiƙ da makamantansa dangin kwaz ne, taurinsu yana kusa da 7. Samari masu sa sarƙar hannu ta ƙarfe su ma haka ne, domin ƙarfe yana cin ɗan'uwansa. Akwai kuma abin hannu mai maganaɗisu a maƙullinsa, wanda ɓarnarsa ba ta fitowa a ido: idan agogon mai inji ne, ba mai batir ba, maganaɗisun yana iya kama siririyar wayar da ke daidaita bugunsa, sai a ga ya fara gudu yana wuce lokaci. Wannan gyaransa mai sauƙi ne wurin mai gyaran da yake da na'urar cire maganaɗisu.

Kafin a zo ga yadda ake gyara ƙwarzane, akwai abin da ya kamata kowa ya fahimta, wanda da na san shi da ban taɓa gwangwanin Brasso ba. Ƙwarzane rami ne, kuma babu man da yake cike shi. Abin da gogewa take yi shi ne ta cinye ƙarfen da ke kewaye da ramin har ya sauko daidai da gindinsa. Baƙin da ake gani a jikin tsumma idan ana gogewa, wanda mutane suke ɗauka datti ne yake fita, yawancinsa jikin agogon ne da kansa. Saboda haka duk gogewa ragi ce, kuma tambayar da za a fara yi ita ce ko wurin yana da kaurin da zai jure ragin. Ƙarfe tsantsa yana da shi. Ruwan gwal ba shi da shi, domin fenti ne siriri ƙwarai da aka lulluɓa a kan wani ƙarfe, sau da yawa kaurinsa bai kai maikiron 10 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali silin gashi ɗaya yakan kai wajen maikiron 70. Haka baƙin launi da ake yi wa wasu agogunan zamani, shi ma a sama kawai yake. Irin waɗannan ba a goge su da komai in ban da tsumma mai laushi, kuma idan sun koɗe, sai dai a sake yi musu ruwan wurin masu wannan aiki, ko a haƙura.

Mataki na farko a kowane hali wanki ne. Idan agogon yana jure ruwa, a tabbatar ɗan maɓallin saita lokaci a rufe yake, a sami ruwa mai ɗan ɗumi da ɗigon sabulun ruwa da tsohon buroshin haƙori mai laushi, a bi tsakanin gaɓoɓin sarƙar. Idan ba a tabbatar da jurewarsa ba, a cire sarƙar a wanke ta ita kaɗai, jikin kuma a share shi da tsumma mai danshi. Wani lokaci abin da ake zaton ƙwarzane ne sai a tarar shafar gwal ko azurfa ce da ta manne a kan ƙarfen, kuma tana fita da wankin nan. Bayan ya bushe sai a bi wurin da farce: idan farcen ya wuce sumul, zanen na sama ne, ana iya yin wani abu a gida; idan ya tsaya ya saƙale, ramin ya yi zurfi, aikin ya fi ƙarfin gida.

Jikin agogo yawanci iri biyu ne, kuma agogo ɗaya yakan haɗa duka biyun. Akwai wuri mai sheƙi kamar madubi, akwai kuma mai dushi-dushi wanda idan aka ƙura masa ido za a ga sirarran layuka sun bi hanya ɗaya. Mai sheƙin ana goge shi da ƙyallen goge ƙarfe mai ɗauke da mai a jikinsa, irin Cape Cod, a yanki ɗan ƙarami a bi wurin a hankali, ana tsayawa ana dubawa a haske. Mai dushin kuwa idan aka sa masa wannan ƙyallen sai ya yi wani sheƙi a tsakiya kamar goshin da aka shafa wa mai, wanda ya fi ƙwarzanen muni. Shi ana gyara shi ne da soso irin Scotch-Brite, a ja shi a miƙe ta hanya ɗaya, daidai da yadda layukan asali suka bi, ba a murza shi a kewaye ba. A lura, ba soson ƙarfe na kankare tukunya nake nufi ba, kuma ba toka ko yashi ba. Kafin a fara, dole a rufe gilashin da duk wurin da ba a so a taɓa da tef na takarda, domin soson nan yana cin gilashi. Da na ga yadda dattijon ya ɗauki lokaci yana liƙa tef a kan gaɓoɓin sarƙa ɗaya bayan ɗaya, fiye da lokacin da gogewar kanta ta ci, sai na gane inda aikin yake.

Gilashi shi ne inda shawarar makilin ta samo asali, kuma ba ƙarya ce tsantsa ba, an dai ɗora ta ne a inda ba wurinta ba. Tsofaffin agoguna da masu araha, irin Casio F-91W da yara da manya suke sawa, fuskarsu ta roba ce mai kama da gilashi. Ana gane ta idan aka ƙwanƙwasa da farce, ƙararta ba ta da kaifi, kuma ba ta da sanyi a jikin fata kamar gilashi. Wannan ita ce mafi saurin ƙwarzanewa, ita ce kuma mafi sauƙin gyara: ɗigon man goge roba mai suna Polywatch a kan auduga, a murza minti biyu ko uku, sai ta dawo tas. Idan babu shi, farin makilin yana ɗan taimaka wa zane marar zurfi. Gilashi na gaske, irin wanda Seiko suke kira Hardlex, makilin ba ya yi masa komai. Ana iya cin sa da man gogewa mai garin daimon, amma aiki ne mai tsawo, kuma idan aka zurfafa wuri ɗaya sai fuskar ta riƙa karkata lambobi kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Sauya shi ya fi sauƙi. Safaya kuwa, wanda yawanci ake rubuta sunansa a bayan agogon ko a fuskarsa, da wuya ya ƙwarzane sai dai in daimon ya same shi, kuma sau da yawa zanen da ake gani a kansa yana kan wani siririn shafi ne da ake yi masa don rage ɗaukar ido. Idan shi kansa ne ya ƙwarzane ko ya ɓantare, sauyawa ce kawai mafita.

Duk wanda za a sauya wa gilashi ya tambayi mai gyara game da zoben da ke kewaye da shi, wanda yake hana ruwa da ƙura shiga. Idan aka mayar da tsohon da ya riga ya saki, ko aka liƙe sabon gilashin da gam kawai, to ranar da aka yi alwala da agogon a hannu za a ga hazo ya taru a ciki. Haka nan ina ba da shawarar a faɗa wa mai gyara ƙarara cewa ba a so a ɗora agogon a kan injin gogewa sai da dalili. Injin yana fitar da sheƙi cikin minti kaɗan, kuma mai agogo yana tafiya da murna, amma yana cinye kusurwoyin jiki, agogon ya koma kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Ga wanda yake riƙe da agogon gado mai daraja, irin Rolex ko Omega na mahaifi ko kaka, wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin masu sayen tsofaffin agoguna sun fi daraja wanda yake da zane-zanensa na asali a kan wanda aka goge har siffarsa ta sauya.

Na tambayi dattijon ko akwai agogon da awarwaro ba sa iya yi wa komai. Ya buɗe akwatinsa ya ɗauko wani tsohon Rado, irin wanda alhazan da suke ji da shi, ya ce in duba jikinsa. Sarƙar ta sha jiki, amma ƙoƙon da ke kewaye da fuskar yana nan sumul. Kamfanin ya fitar da samfurin DiaStar a 1962 da jiki na wani haɗin ƙarfen da ake kira tangistan mai tsananin tauri, daga baya kuma ya shahara da agogunan tangaran na zamani. Sai dai irin wannan agogon, idan aka haɗa shi da awarwaron gwal, gwal ɗin zai fi shan wahala fiye da yadda nawa ya sha, kuma na tangaran ɗin, duk da ba ya ƙwarzanewa da sauƙi, yana iya fashewa idan ya faɗi a kan tayil.

A ƙarshe an sauya wa agogona gilashi da zobensa, an goge gefen da hannu har dushin ya tafi, ko da yake akwai wani ɗan lotsawa kusa da kunnen sarƙar da dattijon ya ce a bar shi, domin kafin a kai gindinsa sai an ci ƙarfe mai yawa. Gaɓoɓi ukun da na koɗar kuwa, ya yi mini dabara: ya kwance sarƙar ya musanya biyu da gaɓoɓin da aka rage tun lokacin da aka daidaita mini ita ina amarya, waɗanda Allah ya sa na adana a cikin kwalin agogon, na ukun kuma ya mayar da shi can kusa da maƙulli inda ido ba ya kaiwa. Duk wanda aka rage wa sarƙar agogo, ya karɓi ragowar ya ajiye.

Yanzu agogo yana hagu shi kaɗai, awarwaro suna dama, idan kuma aikin abinci ya taso sai in cire su in ƙulle a hankici in sa a jaka. Ƙanwata, wadda ba ta iya rabuwa da ado a hannu ɗaya, tana sa siririn abin hannu na fata tsakanin agogonta da awarwaron, irin wanda dukawa suke yi ake sayarwa a kasuwar Kurmi, kuma yana rage karon sosai, ko da yake awarwaro mai faɗi yakan haye ta kansa. Wurin alwala ma na daina zuba agogo da zobba da awarwaro a kwano ɗaya, haka cikin jaka ba na barin sa tare da makullai. Awarwaron kantin nan guda biyu suna nan a cikin durowa, na sa su sau ɗaya a wani suna da aka yi bayan sallah, a hannun dama.